Dainamon Morris Minor: tun daga ranar da jar fitila ta ƙi mutuwa

4 ga Janairu

Injin ya tashi, kuma sautinsa ya yi daɗi, amma jar fitilar da ke cikin mitar gudu ta ƙi mutuwa. Na taka totur a hankali, na ƙara takawa, tana nan jawur. Ke nan duk wutar da motar ke ci daga batir take fitowa, babu abin da ke komawa.

Motar Morris Minor 1000 ce ta 1965, mai injin 1098cc, kuma ta shekara goma sha ɗaya a ajiye kafin ta zo hannuna. Wata huɗu na yi a kan inji da birki, ina kauda kai daga ɓangaren wuta. Yanzu babu sauran inda zan kauce.

Mutum uku suka leƙa ƙarƙashin bonet a makon nan, kuma bakinsu ya zo ɗaya: in cire dainamo, wato na'urar da ke cajin batir, in sa altaneta in huta. Ba ƙarya suka faɗa ba. Altaneta tana ba da wuta ko inji na silo, dainamo kuwa sai an ɗan taka. Amma da na goge dauɗar da ke jikin gangar, sai ga tambarin kamfanin Lucas, da lambar samfuri C40, da wata da shekarar da aka ƙera shi, kuma shekarar ta yi daidai da ta motar. Wannan shi ne wanda ta baro masana'anta da shi. Ba zan jefar da shi ba tun ban buɗe cikinsa na ga abin da ya same shi ba.

6 ga Janairu

Kafin in kwance komai na gwada shi a inda yake. Bakuna biyu ne a bayansa: babba mai harafin D, inda wuta ke fita, da ƙarami mai harafin F, inda ake ciyar da kwayil ɗin da ke samar da maganaɗisu. Na zare wayoyin biyu, na haɗa D da F da guntuwar waya, na sa mita tsakanin haɗin da jikin inji.

Abin da dole in riƙa tuna wa kaina kullum: a wannan motar, kan fozitif na batir shi ke manne da jiki. Haka yawancin motocin Ingila na wancan zamanin suke. Don haka jar wayar mita ita ke zuwa jiki, baƙar ta tafi bakin dainamo. Hannun da ya saba da motocin yanzu yakan yi akasin haka da kansa, ba tare da ya nemi izinin ƙwaƙwalwa ba.

Lafiyayyen dainamo, idan an haɗa shi haka, allura takan tashi da sauri ba rawa, har sai mutum ya yi hattara kada ta wuce bolt 20. Nawa ya tsaya a wajen bolt 4, allura na karkarwa. Littafin gyara ya ce idan ta tsaya a rabin bolt zuwa ɗaya, a tuhumi kwayil; idan huɗu zuwa biyar ne, a tuhumi amecha, wato zuciyar da ke juyawa a tsakiya. Raina ya ɗan ɓaci, don amecha ita ce mafi wuyar gyara.

Da mitar zamani mai lamba na fara, ta yi ta tsalle-tsalle, ba abin da na iya karantawa. Tartsatsin burushi, wato gawayin da ke ɗebo wuta daga amecha, da na fulogi na rikita ta. Tsohuwar mita mai allura na ɗauko, kuma da ita zan ƙarasa aikin.

11 ga Janairu

Na cire kan batir na jiki tukuna, sannan na sassauta kusoshi uku, na zare fambel. Wanda ya ɗaure fambel ɗin nan ya ja shi kamar tsarkiyar baka. Da na kama fuli na girgiza, gaba bai motsa sosai ba, amma daga baya ina jin ƙwas-ƙwas.

A kan tebur, dogayen kusoshi biyu ne kawai ke riƙe da shi daga baya zuwa gaba. Na zare su, na ɗan bubbuga murfin baya, ya fito. Wari ya fara tarbata, warin banish da ya ƙone ya daɗe. Sai baƙin gari ya zubo, garin gawayin burushi da ya cakuɗe da mai ya zama kamar kwalli.

Burushi ɗaya ya cinye har wayarsa ta kusa taɓa jan ƙarfen da ke ƙarshen amecha, wanda burushi ke gogawa. Ɗayan ya maƙale a gidansa, sifirin na danna shi amma ba ya sauka. Sabo yakan kai kusan milimita 18, kuma ba a barinsa ya gaza milimita 7 ko kusa da haka. Nawa ɗaya bai kai biyar ba.

Bushin baya kuwa, wato zoben da sandar amecha ke juyawa a cikinsa, ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira. Ga sakamakon jan fambel: an danne gaba, baya ya ɗaga, sandar ta yi ta cin gefe ɗaya har amecha ta fara gogar ƙarafan maganaɗisu. Akwai sheƙi a jikinta inda ta yi ta shafa. A tsakiyar murfin baya akwai ɗan rami da aka rubuta OIL a gefensa, inda ake ɗiga man inji duk bayan mil 6,000. Ƙasa ta toshe shi, sai da na sa allura na tono. Ban san shekara nawa ramin nan ya yi bai ga ɗigon mai ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani siririn layi mai launin azurfa da ya zagaye cikin gangar, daidai saitin inda wayoyin amecha ke haɗuwa da yankunan jan ƙarfe. Na kankare da farce. Dalma ce. Ta narke tana cikin juyawa, ta fantsamu ta manne a bango. Burushi da ya cinye ba ya narkar da dalma. Akwai abin da ya sa dainamon nan ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a cikinsa abin yake ba. Na rubuta wannan a jikin kwalin da na zuba sassan, don kada murnar gyara ta sa in manta.

13 ga Janairu

Na wanke komai da fetur da tsohon burushin haƙori, ban da kwayil. Na gwada amecha da batir da ƙwan fitila, tsakanin jan ƙarfe da sandar tsakiya: ƙwan bai kama ba, ke nan wuta ba ta zuba jiki. Alhamdu lillahi. Da gilashin ƙara girma na bi yankunan ɗaya bayan ɗaya, na sami biyu da wayarsu ke zaune a rami babu dalma, kuma su biyun sun fi sauran baƙi.

Sabon bushi ya iso. Tagulla ce mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, tana shan mai kamar soso. Na jefa shi cikin gwangwanin man inji, zai kwana a ciki, awa 24 cur.

20 ga Janairu

Akwai gwajin da ba zan iya yi a gida ba, don haka na ɗauki amecha na kai wa wani dattijo mai rewaya da har yanzu yake da na'urar nan mai gurnani. Ƙarfe ne mai baki kamar kwari, da kwayil a ƙarƙashi. Ana ɗora amecha a bakin, a kunna, sai ta kama gurnani, a ɗora tsinken zarto a sama ana juya ta sannu a hankali. Idan akwai wayoyin da rufinsu ya ƙone suka haɗe, tsinken zai kama rawa yana mannewa.

Ya juya ta sau biyu, idonsa a rufe, yatsa ɗaya a kan tsinken. Tsinken bai motsa ba.

"Lafiyarta ƙalau, ɗana. Dalma kawai ta zubar."

Na ce, "Baba, me zai sa ta zubar?"

Ya ce, "Ka duba akwatinka. Kuma ka duba ƙarƙashin batir."

Akwatin da ke daidaita wutar dainamo yake nufi. Bai ƙara ba, ya ɗauko babban ƙarfen liƙi, irin mai kai kamar gatari, ya ɗora a wuta. Ya ce ƙananan na lantarki ba sa iya wannan aikin, don jan ƙarfen na shanye zafin kafin dalma ta gudana, sai ta tsaya a sama kamar ta kama alhali ba ta shiga ba. Ya liƙe biyun da suka saki, ya bi sauran duka ya sabunta. Daga nan ya ɗaura ta a injin fere ƙarfe, ya ɗauke ɗan abin da bai kai kaurin takarda ba, har jan ƙarfen ya fito fes.

Da na dawo na ɗaga batir. Faifan da yake zaune a kai ya cinye da tsatsa, ga farin gari a kusurwoyi, fenti ya ɗaye har ƙasa. Na taɓa ganin wannan tun ranar farko, na ɗauka tsufa ne kawai. Ashe batir ne ya yi ta tafasa yana amai. An yi ta ɗura masa wutar da ta wuce kima, wata da watanni, kuma dainamon da ke ɗurawar shi ma yana ƙonewa.

21 ga Janairu

Yau aikin haƙuri ne. Tsakanin kowane yankin jan ƙarfe da na kusa da shi akwai siririn abin da ke raba su. Ya fi jan ƙarfe tauri, don haka idan aka bar shi daidai da su, jan ƙarfen zai cinye ya bar shi a tsaye, burushi ya riƙa tsalle a kansa. Dole a rage masa tsawo da kusan milimita 0.8. Wannan ga irin nawa ne, wanda aka harhaɗa yanki-yanki. Akwai wani iri da aka zuba a cikin roba mai tauri, shi ba a yanka shi, share ramukan kawai ake yi.

Na karya tsinken zarto, na goge gefensa a dutse har kaurinsa ya yi daidai da ramin, na naɗe ƙarshensa da tsumma. Rami ɗaya bayan ɗaya, ana ja zuwa waje, ba a turawa, don idan ya kuɓuce ya nufi wayoyi an gama. Sau ɗaya ya zame ya ja ɗan layi a kan jan ƙarfe, gabana ya faɗi, amma bai yi zurfi ba, samfefa mai laushi ta ɗauke shi. Samfefar gilashi ake so a nan. Mai baƙin yashi tana barin ƙwayoyi da ke nutsewa cikin jan ƙarfe su yi ta cin burushi.

27 ga Janairu

Kwayil biyu da ke manne a cikin gangar na auna: om 6, daidai yadda ake so. Da na haɗa su da batir ta cikin mita, sun ja kusan amfiya 2. Wayar ba ta ƙone ba. Sai dai tef ɗin zaren da aka naɗe su da shi ya bushe, yana marmashewa in an taɓa, kuma a wuri ɗaya ina hango wayar tsirara kusa da inda doguwar kusa ke wucewa.

Na yi ta jinkirin cire su, don sukurorin da ke riƙe ƙarafan maganaɗisu an ɗaure su da ƙarfin da sukudireban hannu ba ya iyawa. Sai da na sa irin wanda ake bugawa da guduma. Na yi wa kowane ƙarfe alama kafin in cire, don ya koma gurbinsa yadda yake. Na warware tsohon tef, na naɗa sabo na auduga, kowane zagaye na hawa rabin na baya, ba tare da ya yi kauri ba, don in ya yi kauri ƙarfen ba zai zauna ba, amecha ta sake gogarsa. Na shafa banish, na rataye su.

Tsohon bushin da kusar yanka zare na fitar da shi: na murɗa ta a ciki ta kama, na ja ya biyo. Sabon na danna shi a hankali da matsi. Ba a gurza cikinsa bayan an sa, ko da ya ɗan yi tsauri, don gurzawa na toshe ƙofofin da mai ke fitowa. Boris na gaba ma na sauya, tunda an riga an buɗe.

1 ga Fabrairu

Burushin da aka aiko mini ba nasa ba ne, sun fi gidan faɗi. An ce in goge su su shiga. Na mayar.

8 ga Fabrairu

Na gaskiya sun zo, kuma suna zamewa a gidansu ba tare da sun yi lilo ba.

Akwai dabarar mayar da murfin baya da sai an yi sau ɗaya ake gane ta. Idan aka bar sifirin a kan burushi, za su sauko su tare hanya, murfin ba zai shiga ba. Sai a ɗaga kowane burushi sama, a jingina sifirin a gefensa ya riƙe shi a nan. A sa murfin, a tabbata ɗan ƙullin da ke bakinsa ya faɗa gurbinsa. Sannan a zura siririn sukudireba ta tagar iska, a danna burushin ya sauka, sifirin ya yi tsalle ya hau kansa. Ana jin ɗan ƙas, sau biyu. Na juya fuli da hannu, ya tafi sumul, babu ƙwas-ƙwas, sai ɗan shuu na sabon gawayi.

Na kira ɗana ya riƙe gangar a kan tebur, na haɗa D da F, na ba su wuta daga batir. Dainamo mai lafiya yakan juya kamar mota idan an yi masa haka. Ya juya, a hankali, daidai, ta ɓangaren da inji ke juya shi.

"Baba, ya tashi!"

Ya tashi kuwa. Na bar shi ya yi kamar minti ɗaya don burushi su fara zama.

9 ga Fabrairu

Da asuba abin ya faɗo mini. Jiya, wane kan batir na manna a gangar?

Negetif na sa. Hannu ya yi abin da ya saba. Kuma babu yadda za a yi in gane daga juyawar, domin idan aka juya wutar amecha da ta kwayil a lokaci guda, ɓangaren juyi ba ya sauyawa. Zai juya daidai ko ta wace hanya aka haɗa shi.

Ga dalilin da ya sa abin ke da muhimmanci. Dainamo ba shi da maganaɗisu na dindindin. Ɗan abin da ya saura a ƙarafansa daga aikin baya, shi ne irin da yake farawa da shi: amecha ta juya a cikin wannan ɗan saura, ta haifi 'yar wuta, wutar ta koma kwayil ta ƙara maganaɗisu, haka har ya cika. Wutar da ta bi kwayil a ƙarshe ita ke yanke ta ina zai fuskanta. Jiya na koya masa fuskar da ba ta motar ba. Da na ɗaura shi haka na tayar, zai iya fitar da wuta a juye, katawut, wato ƙofar da ke tsakanin dainamo da batir, ya rufe, ƙarfinsa da na batir su haɗu su bi ta bakunan katawut su ƙone su.

Na ɗaura shi a motar, ban haɗa wayoyinsa ba, na maimaita gwajin 6 ga Janairu. Allura ta koma baya ta daki ƙusa. Na kashe inji.

Gyaran bai ɗauki daƙiƙa goma ba. Na ja waya daga kan negetif na batir, wanda shi ne mai rai a wannan motar, na ɗan taɓa bakin F sau uku, kowane da ɗan tartsatsi shuɗi. Na sake tayarwa. Allura ta miƙe gaba, ta wuce 12, ta wuce 15, babu rawa ko kaɗan, na ɗaga ƙafa tun ba ta kai 20 ba.

Wanda ke da motar Amurka mai dainamon Delco-Remy kada ya kwaikwayi wannan kai tsaye. A yawancinsu kwayil ta cikin akwati yake samun hanyar jiki, don haka wani bakin ake taɓawa. Na Lucas a cikin gangar kwayil ɗin yake manne da jiki, shi ya sa ake ba shi wuta ta F.

15 ga Fabrairu

Wayoyi. Na warware baƙin tef ɗin da wani ya naɗe su da shi daga dainamo zuwa akwati, sai ga haɗi uku a cikin tsawon da bai kai hannu biyu ba, duk murɗawa aka yi da yatsa, babu dalma. Wayar D, wadda ke ɗaukar amfiya 22 idan aiki ya yi aiki, an ƙara ta da siririyar wayar da ko rediyo ba zan ba ta ba. Robarta ta narke ta manne da ta kusa.

Na yanke duka na ja sababbi, kuma na bi launukan asali, don wanda zai buɗe bayan ni ya karanta su kamar rubutu. Ruwan ƙasa mai ratsin rawaya, mai kauri, daga D na dainamo zuwa D na akwati. Ruwan ƙasa mai ratsin kore daga F zuwa F. Ruwan ƙasa zalla daga A na akwati zuwa ɓangaren batir. Ruwan ƙasa mai ratsin shuɗi daga A1 zuwa makulli da fitilu. Akwai kuma siririya mai ratsin rawaya da ke tashi daga D ta tafi jar fitila.

Jar fitilar nan dabararta ta burge ni tun da na fahimce ta. Ƙafarta ɗaya tana wajen makulli, ɗayar tana D. Inji a kashe, D kamar jiki yake, sai wuta ta bi ta cikinta ta kama. Dainamo na fara aiki, ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, babu abin da zai gudana, ta mutu da kanta.

Saura baƙar waya, ta bakin E, wadda ke haɗa akwatin da jikin mota. Na bi ta da yatsa har inda aka ɗaure ta. Sukurun ya yi tsatsa, ƙarƙashinsa fenti ne da wani ya fesa bai kankare ba, kuma da na ɗan ja, sai ta tsinke a hannuna. Silin waya biyu ko uku ne suka rage, sun zama kore.

Na zauna a kan gwiwa na daɗe ina kallonta. Ta wannan wayar akwatin ke sanin ƙarfin wutar da dainamo ke bayarwa. Idan hanyar ta toshe, sai ya ga kamar wutar ba ta kai ba, ya ƙi rage ta. Dainamo ya yi ta bayarwa, batir ya tafasa, dalma ta narke. Da na sa altaneta, da jar fitila ta mutu, da kuma na tafi da yaƙinin cewa tsohon dainamo ne ya gaza. Na kankare wurin har farin ƙarfe, na sa sabuwar waya da sabon sukuru, na shafa giris a kai.

22 ga Fabrairu

Akwatin RB106/2 ne, shi ma na Lucas. A ƙarƙashin baƙin murfin akwai dunƙulen waya biyu, kowane da ɗan harshen ƙarfe a kansa. Ɗaya katawut ne, ƙofa tsakanin dainamo da batir: yana rufewa idan dainamo ya kai bolt 12.7 zuwa 13.3, ya buɗe idan inji ya sauka, don kada batir ya juyo ya zube cikin amecha. Ɗayan shi ke daidaita ƙarfi, yana buɗewa yana rufewa da saurin da ido ba ya bi, yana rage wa kwayil abinci duk lokacin da wuta ta nemi wuce iyaka.

Bakunan na biyun sun yi ƙuraje, ɗaya da rami, ɗaya da tudu. Su masu tauri ne, da ɗan dutsen wasa mai laushi na daidaita su. Na katawut masu taushi ne, samfefar gilashi kawai na ja a tsakaninsu sau kaɗan. Na goge duka da tsumma mai ɗan sifirit.

Ɗana ya miƙa yatsa zai danna harshen katawut ya ga yadda yake motsi, na riƙe hannunsa. Batir na haɗe. Idan aka rufe shi da hannu inji a kashe, yana iya mannewa, batir ya kwarara cikin amechar da muka sha wahala a kanta.

23 ga Fabrairu

Saiti. Na zare wayoyin A da A1 na haɗa su da juna, don inji ya sami wuta amma dainamo ya zama ba ya ɗauke da kaya. Mita tsakanin D da E. Littafin ya ba da bolt 16.0 zuwa 16.6 idan zafin wuri digiri 20 ne, dainamo na juyi 3,000 a minti, kuma ana rage 0.1 ga kowane ƙarin digiri goma. Yau wajen digiri 30 ne, don haka 15.9 zuwa 16.5 nake nema.

Da farko lambar ta ba ni tsoro, don batir mai bolt 12 ba ya son abin da ya wuce 14 da 'yan kai. Amma wannan awon na lokacin da babu kaya ne. A kan dunƙulen akwai wasu zagaye na waya mai kauri da duk wutar da ke fita take bi, kuma yawan wutar na sa harshen ya buɗe da wuri. Da an haɗa batir da fitilu, ƙarfin zai sauko da kansa.

Allura ta tsaya a 17 da ɗan ɗori. Ke nan ban da matsalar baƙar waya, wani ya taɓa murɗa sukurun ya ƙara. Ana so a gama kowane awo cikin daƙiƙa 30, in ba haka ba dunƙulen ya ɗumama ya ba da ƙarya. Don haka aikin ya zama tayarwa, dubawa, kashewa, murɗa sukuru baya kaɗan, jira ya huce. Sau biyar. A na biyar ta zauna a 16.2, na bar ta a nan.

Na mayar da wayoyi, na ja fambel yadda zai iya lotsawa kusan milimita 13 a tsakiyar dogon ɓangarensa in an danna da babban yatsa. Na ɗiga mai a ramin baya. Na murɗa makulli, jar fitila ta kama. Na tayar da inji. A silo tana ɗan haske kamar garwashi, wanda haka ya kamata. Na taɓa totur, na ji ƙas daga akwati, ta mutu.

Na sake sauke inji na sake ɗagawa, har sau nawa ban ƙirga ba, ina kallonta tana kamawa tana mutuwa.

1 ga Maris

Gwajin dare. Motar ba ta zo da mitar amfiya ba, sai na ɗaura ta wucin gadi a layin A, na ajiye ta a kujerar gefe, ɗana na karanta mini.

Bayan tayarwa ta nuna caji mai yawa, sannan ta yi ta sauka a hankali yayin da batir ke cika, har ta zauna a amfiya biyu zuwa uku. Na kunna manyan fitilu, wat 60 kowace, su kaɗai amfiya 10 ke nan. Allura ta ɗan nutse ta dawo sama da sifiri. Na ƙara waifa da fankar hita.

"Tana kan layi, Baba. Ba ta sama, ba ta ƙasa."

Iyakarsa ke nan, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Amfiya 22 sun isa abin da aka ƙera motar da shi, babu rarar kirki. A tsaye a mahaɗa, da komai a kunne, allura na komawa ɓangaren zuba, fitilu su ɗan yi ja, sai an motsa su farfaɗo. Wanda zai riƙa yini a cunkoso da fitila a kunne, ko zai ƙara manyan fitilu da na'urar kiɗa, altaneta ce ta dace da shi, ba zan yi masa gardama ba. Ni ba haka zan yi amfani da ita ba.

Bayan tafiyar kusan minti arba'in na tsaya na ɗora tafin hannu a gangar. Da ɗumi, amma hannu na iya zama a kai. Na haska batir, samansa a bushe.

9 ga Maris

Mil 120 tun bayan saiti. Sabon fambel ya ɗan saki, na mayar da shi yadda yake. Na leƙa ta tagar murfin baya da tocila: jan ƙarfen ya fara ɗaukar launin ruwan ƙasa mai sheƙi, iri ɗaya duk zagayen, babu yankin da ya fi wani baƙi. A bakin batir, inji na gudu, mita na nuna 14 da ɗan kai.

Faifan ƙarƙashin batir ne aiki na gaba. Na auna shi yau, kuma tsatsar ta ci gefen hagu fiye da yadda na zata, sai an yanke an sa sabon ƙarfe. Kafin a kawo wutar walda kusa, zan sake cire akwatin da duk wayoyin da na ja.